Babi na Shida: Wa Ya Ɗaure Damin?

Akwai wasannin barkwanci guda biyu da Amurkawa suka daɗe suna kallo ba sa gundura. Ɗaya sunansa Friends, an haska shi daga 1994 zuwa 2004. Ɗayan kuma The Office, daga 2005 zuwa 2013. Tashar NBC ce ta nuna su duka biyun. Da zamanin kallo ta intanet ya zo, sai suka sake haɗuwa a Netflix, suka shiga sahun abin da aka fi kallo a dandalin, har ta kai kamfanin ya biya kusan dala miliyan 100 don a bar masa Friends na shekara ɗaya tak, wato 2019. A ranar farko ta 2020 Friends ya ɓace daga Netflix a Amurka. Bayan shekara guda cif, The Office ya bi sahu. Wanda ya san tashar da ta haska su zai ɗauka gida ɗaya za su koma. Ina! The Office ya tafi Peacock, dandalin masu NBC, a kan dala miliyan 500 na shekara biyar. Friends kuwa HBO Max, dandalin masu Warner Bros., ya nufa a kan dala miliyan 425, domin tun fil'azal haya NBC take yi. Kamfanin Warner Bros. ne ya shirya wasan, shi ke riƙe da takardun mallakarsa.

Duk mai son sanin dalilin da ya sa wani fim yake wannan manhaja ba ya waccan, ko me ya sa ake ta yi wa labari guda 'ya'ya da jikoki alhali sabon labari mai kyau an datse shi a zango na biyu, to waɗannan takardu zai bi. Tambayoyi biyu ke warware yawancin ƙullin: wa ya mallaki abin da ake nunawa, kuma mece ce ainihin hajar da yake sayarwa? Sau da yawa amsar ta biyun ko kusa ba fim ba ce.

Rigimar ta girmi intanet, ta ma girmi talabijin. A shekarun 1930 da 1940 kamfanoni biyar ke juya Hollywood: Paramount, MGM, Warner Bros., 20th Century Fox da RKO. Su ke ɗaukar jarumai da marubuta a kan kwantiragi na shekaru, su ke shirya fim, su ke rarraba shi, kuma su ke da manyan gidajen silima a tsakiyar birane. Mai ƙaramin gidan silima a wani lungu na jihar Ohio, in yana son fim ɗin fitaccen jarumi, ba a sayar masa shi kaɗai. Dami guda zai ɗauka, wani lokaci duk abin da kamfanin zai fitar a shekarar, har da wanda ba a ma ɗora masa kyamara ba tukuna. Kamar mai tumatir ne da ya kasa kayansa kashi-kashi, manya jajaye a sama, ƙanana da waɗanda suka fara ruwa a ƙasa, kuma ba ya yarda ka tsince na sama. Tun da kamfani ya san ko me ya shirya akwai allon da zai haska shi, sai ya riƙa zubo finafinai masu araha don cike jadawali. Furodusa mai zaman kansa kuwa, ko ya yi fim ɗin da ya fi nasu, in ya je neman mako guda a silima sai ya tarar an cinye shekarar.

A farkon shekarun 1940 irin waɗannan furodusoshi suka kafa ƙungiya don yaƙar tsarin. A cikinsu akwai Charlie Chaplin da Mary Pickford da Samuel Goldwyn da Orson Welles, da kuma wani mai zanen katun da ake kira Walt Disney. Mai karatu ya riƙe wannan sunan na ƙarshe. Gwamnatin Amurka ta riga ta kai manyan kamfanonin ƙara tun 1938, kuma a watan Mayu na 1948 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ya hana tilasta sayen finafinai a dami, ya kuma kai ga raba kamfanonin da gidajen silimarsu.

Haka aka sake yi a talabijin. A 1970 hukumar sadarwa ta tarayya ta taƙaita wa manyan tashoshi uku, ABC da CBS da NBC, mallakar wasannin da suke nunawa da dare, dole su riƙa saye daga waje. Daga nan al'adar haya irin wadda ta shiga tsakanin NBC da Warner ta yi jijiya. Dokar ta rushe tsakanin 1993 da 1995, kuma ba a ɓata lokaci ba: a 1995 ɗin Disney ya sanar da sayen ABC a kan dala biliyan 19, cinikin da ya zo masa da tashar wasanni ta ESPN. A 2000 masu Paramount suka haɗe da CBS, a 2004 NBC ta haɗe da Universal. Shi kansa hukuncin 1948, wata alƙaliya a New York ta soke sharuɗɗansa a watan Agusta na 2020, bisa roƙon ma'aikatar shari'a, wai kasuwa ta canza. Ta canza kam. Gidan silimar ya koma cikin aljihun mai kallo, kuma babu dokar da ta hana mai shirya fim mallakar sa.

Kafin mu iso aljihu, akwai damin da ya fi kowanne riba a tarihin wannan sana'a, wato na talabijin ɗin kebul. Magidanci a Amurka yana biyan kuɗin wata guda, a ba shi tashoshi ɗari ko fiye, kowace tasha kuma ta yanki rabonta ko an kalle ta ko ba a kalla ba. ESPN ta kai gidaje kusan miliyan 100 a 2011, kuma zuwa 2023 an ƙiyasta tana karɓar fiye da dala 9 a wata daga kowane gida da ke cikin damin, har da gidan tsohuwar da ba ta san yadda ake buga ƙwallon Amurka ba. Da ƙarfin ESPN Disney ke jingina wa kamfanonin kebul sauran ƙananan tashoshinsa. Kana son ƙwallo? To ka ɗauki na katun da na 'yan mata.

Netflix ne ya zo ya warware igiyar, kuma da kayan masu damin ya yi aikin. Kamfanin da aka kafa a 1997, wanda ya fara da aika faifan DVD ta gidan waya, ya soma nuna fim ta intanet a 2007. A 2008 ya ƙulla yarjejeniya da tashar Starz a kan abin da aka ce bai wuce dala miliyan 30 a shekara ba, ya samu dubban finafinai, har da na Disney da Sony. Kamfanonin Hollywood gani suke tsintuwa ce, tsofaffin kaya da ke kwance a rumbu sun samu mai haya. A 2010 shugaban Time Warner, Jeff Bewkes, ya yi wa Netflix ba'a, ya kwatanta barazanarsa da a ce sojojin Albaniya za su ci duniya da yaƙi. Su kuwa mutanen Netflix sun san a gidan haya suke zaune. Hatta House of Cards na 2013, da aka buga wa tambarin Netflix, wani kamfani ne mai suna Media Rights Capital ya shirya shi. Orange Is the New Black na Lionsgate ne. Sai a kan irin su Stranger Things na 2016 Netflix ya fara riƙe abinsa tun daga tushe.

A watan Agusta na 2017 Disney ya ce zai janye finafinansa daga Netflix ya buɗe nasa dandalin. Ya daɗe yana cika rumbu: Pixar a 2006 kan dala biliyan 7.4, Marvel a 2009 da Lucasfilm mai Star Wars a 2012, kowanne kan kusan biliyan 4, sannan mafi yawan kadarorin Fox a 2019 kan biliyan 71.3. Cinikin Fox ne ya ba shi rinjaye a dandalin Hulu. Ranar 12 ga Nuwamba 2019 aka buɗe Disney+ a kan dala 6.99 a wata. A wannan rana kuma aka fitar da dami: Disney+ da Hulu da ESPN+ a haɗe, dala 12.99, daidai da kuɗin da Netflix ke karɓa a lokacin a kan tsarinsa na tsakiya. Kamfanin mutumin nan da ya taɓa kuka da sayar da fim a dami ya zama babban mai ɗauri.

Me ya sa kamfani zai sayar da abu uku a farashin da bai kai jimlarsu ba? Ciwon da ke damun kowane dandalin kallo shi ne sauƙin fita. A zamanin kebul sai ka kira waya, ka jira, ka mayar da akwati. Yanzu danna maɓalli ne. Mutum ya biya wata guda, ya kalli The Mandalorian a mako, ya soke, sai kuma baɗi. Amma idan yara suna kan Disney+, uwa tana bin wani shiri a Hulu, uba yana kallon dambe a ESPN+, kuma duk a biya guda ake, wa zai soke ya zauna lafiya a gidan? An kuma samu wata riba ta kan takarda a lokacin: mai dami ɗaya an riƙa ƙirga shi sau uku a rahoton da ake kai wa masu hannun jari, sau ɗaya a kowane dandali. Dubi yadda aka tsara farashi a Oktoban 2024. Disney+ mai talla dala 9.99, Hulu mai talla dala 9.99, su biyun a haɗe dala 10.99. Farashin guda ɗaya an sa shi ne don ka ji kunyar sayen guda ɗaya.

Wannan tsari yana shiga har cikin labari. Da zarar an raba gida ɗaki-ɗaki, kowane shiri sai an tambaye shi ɗakin da zai kwana. A farko Disney+ ɗakin yara ne da iyali. Lokacin da aka fara ɗaukar sabon zubi na Lizzie McGuire, wasan 'yan mata na farkon shekarun 2000, jarumar Hilary Duff ta so a nuna yarinyar ta girma ta kai shekara talatin da matsalolin manya. Kamfanin ya ga hakan bai dace da ɗakin ba. Ta fito fili ta roƙi a mayar da shirin Hulu, ba a yi ba, a ƙarshen 2020 aka binne shi. A ɗaya ɓangaren kuma, buƙatar cika ɗakin manya ce ta sa aka zuba kuɗi a Shōgun, labarin Japan ta ƙarni na 17 da yawancin maganar cikinsa da Japananci ake yi, wanda ya lashe kyautar Emmy 18 a 2024. Saboda haka ba zan ce mallaka ba ta haifar da abin kirki ba. Tana haifarwa, idan abin kirkin ya dace da gurbin da mai gida ke son cikewa.

Gurbin da ya fi sauƙin cikewa shi ne na abin da ka riga ka saya. Wanda ya kashe biliyan 4 a kan Marvel ba zai bar jaruman su huta ba. A 2021 kaɗai sashen ya fitar da finafinai huɗu da shirye-shirye masu dogon zango biyar, kuma aka saƙa su ta yadda wanda bai biya Disney+ ba zai shiga silima ya rasa gane wasu fuskoki. Da The Marvels ya fito a Nuwamban 2023, biyu daga cikin jarumansa uku a shirye-shiryen dandalin aka gina su. Abin da ya tara a duniya bai wuce dala miliyan 206 da ɗoriya ba, mafi ƙaranci a jerin. Shugaban Disney a lokacin, Bob Iger, da bakinsa ya yarda cewa yawan ya rage inganci. Kafin haka kuma, Daredevil da Netflix ke nunawa tun 2015 an tsayar da shi a ƙarshen 2018, jim kaɗan bayan zango na uku da masu sharhi suka yaba. Jarumin na Marvel ne, Marvel na Disney ne, Disney kuma yana gab da zama kishiyar Netflix. A 2022 aka kwashe shirin aka kai Disney+, a 2025 aka farfaɗo da shi a can.

Misalin da ya fi ba ni dariya shi ne na Yellowstone. Shiri ne a kan iyalin Dutton, masu makeken wurin kiwon shanu a jihar Montana, Kevin Costner ne uban gida, Taylor Sheridan ne marubuci. Ya fara a 2018 a wata tashar kebul ta Paramount. A farkon 2020, kafin a san zai zama gagarabadau, kamfanin ya bai wa Peacock haƙƙin nuna shi ta intanet. Da aka buɗe Paramount+ a Maris na 2021, sai ga kamfani da dandali, ga shirin da ya fi kowanne farin jini, amma shirin yana gidan abokin gaba. Ba a iya ƙwato shi ba, sai aka zagaya ta bayan gida. Yarjejeniyar ta shafi Yellowstone ne, ba ta shafi kakannin Dutton ba. A ƙarshen 2021 aka fitar da 1883, labarin yadda iyalin suka yi ƙaura zuwa Montana. A ƙarshen 2022 aka fitar da 1923, da Harrison Ford da Helen Mirren. Shirye-shirye ne masu kyau, musamman na farkon. Sai dai duk wanda ya zubar da hawaye a kan wahalar da kakannin nan suka sha a hanya, ya sani kuskuren wani ofishin ciniki ne ya haife su.

Mai abu yana iya ninka abinsa, yana kuma iya ɓatar da shi. Kamfanin waya na AT&T ya sayi Time Warner kan dala biliyan 85 a 2018, ya buɗe HBO Max a 2020, ya kuma yanke cewa duk finafinan Warner na 2021 za su fito a silima da dandalin a rana ɗaya. Darakta Christopher Nolan, wanda ya yi kusan shekara ashirin da kamfanin, ya yi fushi ya kai Oppenheimer gidan Universal. A Afrilun 2022 AT&T ya gaji, aka haɗe Warner da Discovery a ƙarƙashin David Zaslav, da bashin da ya kai kimanin dala biliyan 50. Wata huɗu bayan haka aka sanar cewa Batgirl, fim ɗin da aka kashe wa kusan dala miliyan 90 aka kuma gama ɗauka, ba zai fito ko'ina ba. Daraktocinsa biyu, Adil El Arbi da Bilall Fallah, suna Maroko wajen bikin auren ɗayansu labarin ya same su. Lissafin akanta ne: idan aka rubuta fim a matsayin asara, harajin kamfani zai ragu, kuma ba sai an ƙara kashe kuɗin talla ba. A Disambar shekarar aka cire Westworld daga HBO Max, shirin da a da ake alfahari da shi. Disney ma ya bi: a Mayun 2023 ya sauke shirye-shirye da dama, har da Willow da bai fi wata shida da fitowa ba, ya rubuta asarar dala biliyan 1.5. Shirin da ke zaune a dandali yana cin kuɗi, domin akwai ladan maimaici na marubuta da jarumai, akwai haƙƙin kiɗan da aka sa a ciki. A zamanin kaset da faifai, ko kamfani ya mutu, kwafi yana nan a ɗakin wani. Abin da aka yi don dandali kawai, ranar da aka sauke shi babu halastacciyar hanyar ganin sa.

Masu aikin fim sun ji a jikinsu ta wata fuskar. A da, mai shirya wasa yana sayar wa tashar da ta fi tayi, marubuci da jarumi su samu kaso daga ribar. Idan mai sayarwa da mai saye ɗan gida ɗaya ne fa? Tuwona maina ke nan, farashi sai yadda aka ga dama. Haka ta faru da Bones, wanda sashen Fox ya shirya, tashar Fox ta nuna daga 2005 zuwa 2017, aka kuma bai wa Hulu, inda Fox ke da hannun jari. Jaruman da furodusa da marubuciyar littattafan da aka gina shirin a kansu suka ce an karya farashi da gangan don kada riba ta bayyana. A 2019 mai sasanci ya ci Fox tarar dala miliyan 179, daga baya kotu ta rage zuwa kusan miliyan 50. A 2021 Scarlett Johansson ta kai Disney ƙara saboda an saki Black Widow a Disney+ ranar da ya shiga silima, alhali ladanta a kan cinikin tikiti aka ɗora shi. An sasanta a waje. Wannan ƙorafi yana cikin abin da ya fitar da marubuta yajin aikin kwana 148 a 2023, jarumai kuma na kwana 118.

Sai kuma masu gidan da fim ba shi ne abincinsu ba. Prime Video gyara ne a kan kuɗin da mutum ke biyan Amazon don a kawo masa kaya gida da sauri. Jeff Bezos ya faɗa a 2016 cewa idan shirinsu ya ci kyauta, takalma suke ƙara sayarwa. Shi ya sa kamfanin ke son abin da kowa ya san sunansa tun kafin a ɗauka: ya biya kusan dala miliyan 250 don haƙƙin yin shiri a duniyar The Lord of the Rings, ya sayi MGM kan biliyan 8.45 a 2022, a 2025 ya karɓi ragamar James Bond. Apple kuwa waya yake sayarwa. Ya buɗe dandalinsa a Nuwamban 2019, ya ba duk wanda ya sayi sabuwar na'ura shekara guda kyauta. Ba shi da tsohon rumbu, don haka yana yin kaɗan masu tsada, kuma fim ɗinsa CODA ne na farko daga dandalin intanet da ya ci babbar kyautar Oscar, a 2022. Amma kamfanin da ake haɗa yawancin wayoyinsa a China, kuma hukumomi ke sa masa ido a gida, yana da wuraren da ba ya son a taɓa. Shirin ɗan barkwancin siyasa Jon Stewart ya tsaya a Oktoban 2023, daga baya shi da kansa ya ce Apple ya nemi kada ya yi hira da Lina Khan, wadda a lokacin ita ce shugabar hukumar da ke yaƙi da babakere a kasuwa. Haka nan da aka buɗe Disney+ a Hong Kong a 2021, masu kallo suka lura babu wata fitowa ta The Simpsons da ta taɓo filin Tiananmen na China. Disney yana da wuraren shaƙatawa a Hong Kong da Shanghai.

Sony ne kaɗai cikin manyan bai gina babban dandali ba. Ya zauna yana sayar wa kowa: Seinfeld ga Netflix, sababbin finafinansa ma ga Netflix daga 2022. An yi masa kallon wanda jirgi ya bari, har sai da lissafi ya fito.

Domin kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. A Afrilun 2022 Netflix ya ce ya rasa masu biya 200,000, hannun jarinsa ya faɗi da kashi 35 cikin ɗari a yini guda, masu kuɗi suka daina tambayar yawan mutane suka koma tambayar riba. Sashen dandalin Disney ya yi asarar kusan dala biliyan 4 a shekarar kuɗi ta 2022, Peacock ya yi ta biliyan 2.7 a 2023. Sai aka fara buɗe rumbunan da aka garƙame. Warner ya bai wa Netflix hayar wasu shirye-shiryen HBO. Suits, tsohon wasan lauyoyi na NBCUniversal da ya ƙare tun 2019, ya shiga Netflix ya zama abin da aka fi kallo ta intanet a Amurka a 2023, har masu shi suka yi masa sabon reshe. Kishiyoyi kuma suka fara ɗaure kayansu da igiya ɗaya. A Mayun 2024 Comcast, mai NBC, ya haɗa wa masu amfani da layinsa Peacock da Netflix da Apple TV+ a kan dala 15. A Yuli, Disney+ da Hulu da Max (sunan HBO Max a lokacin) suka fito a dami guda, dala 16.99 da talla, 29.99 babu talla. Disney da Fox da Warner sun so su yi na wasanni zalla mai suna Venu, kotu ta dakatar da shi a Agusta bisa ƙarar wani ƙaramin kamfani, Fubo, suka haƙura a Janairun 2025. Mutanen da suka yanke kebul don su huta da biyan abin da ba sa kallo sun wayi gari da biya guda, tashoshi da yawa, da talla a tsakiya. An gudu ba a tsira ba. Ga gidan da dama yake son duka ukun, ragin gaskiya ne, ban musa ba. Wanda ya yi hasara shi ne furodusan da ba ya cikin kowane gida, domin masu saye sun ragu, kuma kowannensu nasa yake fara dubawa.

Mu a nan ba baƙin dami ba ne. Duk mai gidan kallon ƙwallo a Kano ko Kaduna ya san don Firimiya yake biyan DStv, sauran tashoshin rakiya suka yi. An sha kiran MultiChoice, mai DStv, gaban majalisa a Abuja a kan ya bari mutum ya biya abin da ya kalla kawai, kamfanin yana cewa tsarinsa ba ya ɗaukar haka. Ƙwallon ita ce igiyar: HiTV ya ƙwace haƙƙin Firimiya a Nijeriya a 2007, da ya kuɓuce masa a 2010 bai ƙara shekara biyu a raye ba. A cikin wannan dami aka buɗe Africa Magic Hausa a 2010, kuma ta sayi finafinan Kano masu yawa. Da aka sake fasalin Showmax, dandalin MultiChoice, a Fabrairun 2024, NBCUniversal ya riƙe kashi 30 cikin ɗari, aka ɗora shi a kan fasahar Peacock, aka kuma yi tsarin Firimiya na waya. A Satumban 2025 Canal+ na Faransa, wanda mutanen Yamai da Maraɗi da Damagaram suka daɗe da sanin dikodarsa, ya karɓi ragamar MultiChoice baki ɗaya. Tun 2019 dama ya sayi ROK, kamfanin shirya finafinai na Legas. Yanke shawara a kan abin da za a kashe wa kuɗi ya ƙara nisa da mu. An ga irinta a Janairun 2024, lokacin da Amazon ya daina ɗaukar nauyin sababbin ayyuka a Afirka, ƙasa da shekara guda bayan Gangs of Lagos. An kuma gani a kan Iwájú, katun ɗin Disney da aka gina a kan Legas ta gobe: ya fito a Disney+ a Fabrairun 2024, dandalin da ba a buɗe shi a Nijeriya ba, sai daga baya aka nuna shi ta tashar Disney a DStv.

Kannywood ta san ikon mai rarrabawa tun zamanin kaset, lokacin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ke da ta cewa a kan fuskar da za ta hau kwali da yawan waƙoƙin da za a sa. Da kasuwar faifai ta mutu a hannun masu tura fim a waya, sai aka koma shiri mai dogon zango. Arewa24, da ta fara a 2014, tana shirya nata kamar Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, ta nuna a tasharta da manhajarta. Wasu kuma, irin masu Izzar So, YouTube suka nufa kai tsaye. Can ma akwai mai gida. Google yana ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari na kuɗin talla, yana barin a sa talla a tsakiyar bidiyon da ya kai minti takwas, kuma kallon da aka yi daga Nijeriya ko Nijar bai kai na Amurka ko Ingila daraja ba. Daga nan ne fitowar mako-mako ta samo asali, da jan labari zango bayan zango, da tallan shinkafa ko na filaye da ke katse zance ana tsaka da rigimar gado.

Duk da haka furodusan Kano da ke ɗora aikinsa a tasharsa yana riƙe da abin da daraktocin Batgirl ba su da shi, wato fim ɗin nasa ne. Idan wani babban dandali ya zo da tayin kwashe tsofaffin zangunan a dunƙule, kuɗin da ke shafin farko zai yi daɗin gani. Abin da ya kamata lauya ya nema yana can ciki: shekara nawa aka ba su, a waɗanne ƙasashe, wa ke da ikon yin ci gaban labarin da jarumansa, kuma idan suka sauke shirin daga dandalinsu, bayan wata nawa haƙƙin zai dawo hannun mai shi.